Ranar da Katangar Tsaro Ta Kulle Masu Kula da Ita: Tangarɗar Windows Server 2025 da Hanyoyin Kauce Mata

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin wata tangarɗa da kamfanin Microsoft ya amsa cewa tana cikin Windows Server 2025. Kafin a gyara ta a watan Yunin 2025, tangarɗar kan sa katangar tsaron uwar garke ta ɗauki dokokin da ba nata ba duk lokacin da aka sake kunna na'urar, har jami'an da ke kula da ita su rasa hanyar shiga daga nesa. An duba yadda abin ke faruwa, da dabarar wucin gadi da kamfanin ya bayar, da dabarun da jami'ai suka ƙirƙiro wa kansu, sannan an kwatanta da abin da ya sami Cloudflare a 2019, Facebook a 2021 da Rogers a 2022. Matsayin maƙalar shi ne, uwar garken da ba ta zuwa ko'ina bai kamata tsaronta ya rataya a kan gane inda take ba, kuma hanyar gyara katanga bai kamata ta ratsa ta cikin katangar ba.

Abin da ya faru

Windows Server 2025 ya fito kasuwa ranar 1 ga Nuwamba 2024. Ba a jima ba waɗanda suka yi saurin ɗora shi a kan uwar garken da ke riƙe da Active Directory suka fara ganin abin mamaki. Wannan uwar garke ita ce ke riƙe da rajistar hukuma baki ɗaya: sunan kowane ma'aikaci, kalmar sirrinsa, da iyakar abin da aka yarda ya taɓa. Maƙalar za ta riƙa kiranta uwar rajista. Ana sake kunna ta, sai ta tashi lafiya lau, fitilunta na ƙyalli, amma jami'in da ke son shiga cikinta daga teburinsa ya yi ta ƙwanƙwasawa babu amsa.

A watan Afrilun 2025 Microsoft ya sanya matsalar cikin jerin tangarɗun da ya tabbatar. Bayaninsa gajere ne: bayan an sake kunna uwar rajista, ba ta ɗaukar dokokin katanga na cikin gida, sai ta ɗauki na gama-gari. Sakamakon yana da fuska biyu, kuma mutane sun fi lura da ta farko. Ayyukan da ya kamata a iya kai wa gare su sukan toshe. Ta biyun ita ce ƙofofin da dokokin cikin gida suka rufe suna iya zama a buɗe. Wanda aka kulle a waje yana ihu nan take, kowa ya ji. Ƙofar da aka bari a buɗe kuwa ba ta da bakin kai ƙara.

Gyaran dindindin ya zo ranar 10 ga Yuni 2025 cikin facin da ke ɗauke da lamba KB5060842. Daga fitowar manhajar zuwa ranar, an haura wata 7. Tun da Microsoft kan saki facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma yawancinsu sai an sake kunna na'ura, jami'in da ke yin aikinsa bisa ƙa'ida shi ne ya fi yawan taka wannan tarko.

Yadda Windows ke gane inda take

Katangar tsaron Windows ta fara zuwa a kunne ne da XP Service Pack 2 a 2004, kuma tun daga Vista take da tsare-tsare 3 na dokoki, waɗanda a allo ake ganinsu da sunayen Domain, Private da Public. Na farko tsarin cikin gida ne, na lokacin da kwamfuta ke kan layin hukumar da ta mallake ta. Na biyu tsarin amana ne, kamar layin gidan mutum. Na uku tsarin bainar jama'a ne, irin layin otal ko filin jirgi, inda ake rufe kusan komai. An yi wannan rabo ne domin kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda da safe tana ofis, da yamma tana wani wuri. Daga Windows Server 2008, uwayen garke ma suka gaji tsarin, katangarsu a kunne tun daga ranar farko.

Ba mutum ne ke zaɓa wa kwamfuta tsarin cikin gida ba. Ita ke bincikawa da kanta. Da zarar katin sadarwarta ya kama layi, sai ta tambayi DNS inda uwar rajistar hukumarta take, sannan ta tuntuɓe ta ta ƙofa mai lamba 389, wadda ake magana da LDAP ta cikinta. Idan an amsa mata kuma an tantance ta, sai ta ɗauki tsarin cikin gida. Idan shiru ta ji, sai ta ɗauka a baƙon wuri take, ta rufe ƙofofinta. Ga kwamfutar ma'aikaci wannan hikima ce.

Ga uwar rajista kuwa, nan gizo ke saƙar, domin ita ce wadda ake nema, kuma sau da yawa ita ce DNS ɗin. Katin sadarwa yana tashi cikin daƙiƙoƙi, amma Active Directory da DNS suna ɗaukar lokaci kafin su gama shiri. Sai na'urar ta yi tambaya tun wanda zai amsa bai farka ba, ta ji shiru, ta yanke hukunci. Kamar maigadi ne da ya farka cikin dare bai gane gidan da yake gadi ba, ya kira sunan maigida sau ɗaya bai ji amsa ba, sai ya sa sakata, ya ƙi buɗe wa kowa har maigidan.

Tsofaffin jami'ai sun san wannan ciwo tun zamanin Server 2008 da 2012, musamman a ƙananan hukumomi masu uwar rajista guda. Maganin da aka saba shi ne a sake tayar da hidimar da ake kira Network Location Awareness, ko a jinkirta tashinta har DNS ya shirya. Alamomin tangarɗar 2025 sun yi kama da wancan tsohon ciwo, sai dai tun daga Windows 11 aikin gane tsarin cikin gida ya koma hannun wani ɓangare, Network List Manager, shi ya sa masu ɗauko tsohon magani suka yi ta shafawa ba tare da sauƙi ba.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne yadda kullewar ba ta zuwa gaba ɗaya. Dokokin da Windows ke kafawa da kanta yayin ɗora Active Directory galibi suna aiki a dukkan tsare-tsaren uku, don haka ma'aikata na iya shiga kwamfutocinsu kamar kullum, Kerberos na amsawa a ƙofa ta 88, DNS a ta 53. Waɗanda ke faɗuwa su ne dokokin da hukuma ta rubuta da hannunta ta ɗaura a kan tsarin cikin gida kaɗai: shiga allo daga nesa ta ƙofa ta 3389, manhajar ajiyar kwafin bayanai, manhajar sa ido, da kayan aiki irin su Event Viewer masu dogaro da ƙofa ta 135 da jerin ƙofofin 49152 zuwa 65535. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke haddasa gardama tsakanin abokan aiki. A kan uwar garke, dokar WinRM, wadda PowerShell ke bi ta ƙofa ta 5985, tana buɗe ga kowa a tsarin cikin gida, amma a tsarin bainar jama'a tana karɓar waɗanda ke rukunin adireshi ɗaya da na'urar ne kawai. Jami'in da ke zaune a ginin da uwar garken take sai ya shiga ba wata matsala, ya rantse komai lafiya. Abokin aikinsa da ke shigowa ta VPN daga wani gari ya rantse na'urar ta mutu. Kowa gaskiya ya faɗa.

Umarni ɗaya ke raba gardamar. Duk wanda ya samu shiga ya rubuta Get-NetConnectionProfile, ya dubi layin NetworkCategory. Idan ya ga DomainAuthenticated, katangar na kan dokokinta. Idan ya ga Public a kan uwar rajista, an gano ɓarawon.

Umarni guda da abin da ke bayansa

Dabarar da Microsoft ya bayar layi ɗaya ce a PowerShell: Restart-NetAdapter * . Tana kashe dukkan katunan sadarwa ta sake kunna su. Yin haka na tilasta wa na'urar ta maimaita tambayarta, kuma a wannan karon Active Directory ya riga ya farka, sai a amsa mata. Da yake matsalar na dawowa duk bayan sake kunnawa, kamfanin ya ba da shawarar a tsara aiki a Task Scheduler da zai riƙa gudanar da umarnin da kansa.

A takarda abin ba wuya. A aikace akwai tambayar da sanarwar ba ta amsa ba: daga ina jami'in zai rubuta umarnin, alhali an kulle shi a waje? Ko ya samu ya shiga ta wata kafa, umarnin zai yanke layin da shi kansa ke tsaye a kai. Idan katin ya dawo, madalla. Idan ya ƙi dawowa saboda matsalar direba, jami'in ya tashi daga rabin kullewa ya faɗa cikakkiya. Tauraron da ke ƙarshen umarnin ma abin dubawa ne, domin yana nufin kowane kati, har da wanda ke ɗauke da ma'ajiyar iSCSI idan na'urar na da shi.

Saboda haka aikin da aka tsara da kyau ya ɗan bambanta da wanda aka kwafo aka liƙa. Ana gudanar da shi da asusun SYSTEM, domin babu mutumin da ya shiga na'urar a lokacin. Ana ɗaura shi a kan tashin na'ura, tare da jinkirin 'yan mintoci, domin idan ya yi gaggawa zai sake yin tambayar ne tun ba a shirya amsa ba. Kafin ya taɓa komai, ya fara duba NetworkCategory. Idan ya tarar da DomainAuthenticated ya fita salin alin. Idan ya tarar da Public, ya sake tayar da katin da ke fuskantar layin hukuma shi kaɗai, da sunansa, ya jira, ya sake dubawa, ya rubuta sakamakon a inda manhajar sa ido za ta gani. Hukumar da ke da uwayen rajista da yawa ya fi mata alheri ta raba aikin ta Group Policy maimakon bi ɗaya bayan ɗaya da hannu. Dalilin ba sauƙin kafawa ba ne kawai. Ranar cirewa na zuwa, kuma abin da aka kafa daga wuri guda ana iya tsige shi daga wuri guda.

Gyaran da ya fi ɓarnar muni

Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Wanda shugabansa ke tsaye a kansa yana tambayar yaushe za a dawo aiki, hannunsa kan kai ga umarnin da kowa ya haddace, netsh advfirewall set allprofiles state off, wanda ke kashe katangar baki ɗaya. Nan take komai ya dawo, kowa ya yi ajiyar zuciya, a ce gobe za a duba. Goben ce ba ta zuwa.

Uwar rajista ba wurin yin wannan wasa ba ce. Ƙofa ta 445 ita ce WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila. Ƙofa ta 3389 ita ce ta ɗauki raunin BlueKeep a 2019, kuma har yanzu tana cikin manyan mashigan masu garkuwa da bayanai. Raunin Zerologon na 2020 kuwa uwayen rajista ya nufa kai tsaye. Duk wanda ya mallaki wannan na'ura ya mallaki kowane asusu a hukumar. Wasu kuma sukan yi ƙoƙarin tsayar da hidimar katangar ɗungurungum, abin da Microsoft ya daɗe da cewa ba ya goyon baya; a zamanin Server 2008 yin hakan kan datse na'urar daga layi ne maimakon ya buɗe ta. Akwai masu mayar da katin zuwa tsarin amana da Set-NetConnectionProfile. Wannan ya fi kashe katanga dama-dama, amma ba ya dawo da dokokin cikin gida, kuma umarnin ba ya iya ɗora DomainAuthenticated da ƙarfi, domin wannan matsayi sai an tantance na'ura take samunsa.

Hanyar da mai wannan maƙala ke ganin ta fi dacewa ba ta jiran Microsoft. Uwar rajista ba ta zuwa otal, ba ta zuwa filin jirgi. Tana nan ɗaure a ɗakinta daga ranar da aka kafa ta har ranar da za a yi mata ritaya. Me zai sa dokokinta su canza gwargwadon inda take zaton take? Abin da ya dace shi ne a rubuta dokoki iri ɗaya a dukkan tsare-tsaren uku ta Group Policy, sannan a taƙaita kowace doka da adireshin wanda aka yarda ya shigo. Ƙofa ta 3389 da ta 5985 a buɗe su ga kwamfutocin jami'ai kaɗai, ko ga na'ura guda da aka keɓe domin aikin kulawa. Ƙofar manhajar ajiya a buɗe ta ga uwar garken ajiya kaɗai. Duk ƙofar da aka rufe a tsarin cikin gida a rufe ta a sauran biyun. Idan aka yi haka, ko na'urar ta tashi tana zaton a kasuwa take, dokokin da za ta ɗauka su ne dai waɗanda aka so, kuma an magance fuskoki biyun tangarɗar a lokaci guda. Aikin na da wahala a farko, domin sai an zauna an lissafa wa ke magana da wa, ta wace ƙofa. Littafin bayanan katanga, pfirewall.log, na taimakawa, amma sai an kunna shi da gangan, domin a yadda Windows ke zuwa ba ya rubuta abin da aka toshe.

Ƙofa ta biyu

Ko an yi duk wannan, wata tangarɗar na tafe, kuma ba za ta yi kama da ta baya ba. Manyan kamfanoni masu dubban injiniyoyi ma sun kulle kansu.

Misalin da ya fi kusa shi ne na Cloudflare. Ranar 2 ga Yuli 2019, da ƙarfe 13:42 agogon GMT, kamfanin ya tura sabuwar doka zuwa katangar da ke tace zirga-zirgar shafukan abokan cinikinsa. A cikin dokar akwai wani tsarin binciken rubutu da aka rubuta ba daidai ba, wanda ke sa na'ura ta yi ta komawa baya tana sake gwadawa ba iyaka. Cikin daƙiƙoƙi dokar ta isa birane sama da 180, ƙwaƙwalwar na'urori ta cika maƙil, masu ziyartar shafuka suka fara ganin kuskure mai lamba 502. Wajen ƙarfe 14:00 injiniyoyi sun gano cewa katangar ce, kuma suna da makunnin da ke kashe ta a duniya baki ɗaya. Amma kafin a kai ga makunnin sai an shiga allon kulawa na cikin gida, kuma tantance mai shiga allon ya dogara ne da Cloudflare Access, wanda ke kan layin da ya faɗi. Wasu daga cikin injiniyoyin ma an riga an soke izininsu saboda sun daɗe ba su yi amfani da allon ba. Akwai ɓarauniyar hanya da aka tanada, amma ba a saba atisaye da ita ba. Sai 14:07 aka danna makunnin, komai ya lafa da 14:09. Minti 27 ke nan, kuma wani yanki nasu ya tafi ne wajen neman hanyar shiga, bayan an riga an san cutar da maganinta. John Graham-Cumming, babban jami'in fasahar kamfanin a lokacin, shi ya rubuta bayanin dalla-dalla bai rufe komai ba, abin da ya sa har yau ake koyarwa da shi.

Na Facebook ya fi tsawo. Ranar 4 ga Oktoba 2021 wani umarni na duba ƙarfin layukan cikin gida ya yanke dukkan cibiyoyin bayanan kamfanin daga juna, manhajar da ya kamata ta tare umarnin kuma tana da tata tangarɗar. Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɓace na kusan awa 6, abin da 'yan kasuwar da ke ciniki ta waya daga Kano zuwa Yamai suka ji a jikinsu. Abin lura ga jami'an kula da na'urori shi ne, kamfanin ya bayyana cewa har hanyarsa ta ko-ta-kwana ta faɗi tare da babbar, sai da aka tura injiniyoyi da ƙafarsu zuwa cibiyoyin. A Kanada kuma, ranar 8 ga Yuli 2022, cire wata matatar hanyoyi yayin sabunta layin kamfanin sadarwa na Rogers ya ambaliyar da manyan na'urorin kamfanin, abokan ciniki sama da miliyan 12 suka rasa layi, biyan kuɗi ta Interac ya tsaya. Layin kula da na'urorin yana kan ginshiƙin da ya rushe, wayoyin ma'aikatan ma na Rogers ne.

Ga ƙaramar hukuma, ƙofa ta biyu, wato hanyar shiga da ba ta ratsa ta cikin katangar, ba abu ne mai tsada ba, kuma sau da yawa an riga an biya kuɗinta. Uwayen garken Dell na zuwa da iDRAC, na HPE da iLO, wasu kuma da IPMI. Ƙaramar kwamfuta ce a jikin babbar, da nata ramin waya, wadda ke nuna allon na'urar kamar mutum na tsaye a gabanta, ba ruwanta da katangar Windows. Idan uwar rajistar na zaune ne cikin Hyper-V ko VMware, allon mai masaukinta na yin wannan aiki. A Azure da AWS akwai mashigar siriyal. Sharaɗi ɗaya ne ake yawan mantawa: kada shiga ƙofa ta biyu ya dogara da Active Directory. Hukumar da ta haɗa iDRAC ko vCenter da asusun rajista kaɗai, ba ta bar asusun gaggawa na gida ba, ta maimaita kuskuren Cloudflare ne a ƙaramin sikeli. Abin da ya faru da manhajar tsaro ta CrowdStrike ranar 19 ga Yuli 2024, inda na'urorin Windows kusan miliyan 8.5 suka ƙi tashi, ya nuna irin wannan: wasu hukumomi sun ajiye makullan BitLocker a cikin uwayen garken da su ma suka faɗi.

Ƙofa ta biyun ma na da nata haɗari. Tun 2013 binciken Dan Farmer ya fallasa raunin IPMI, kuma a watan Yunin 2023 hukumar CISA ta Amurka ta umarci ma'aikatun tarayyar ƙasar su janye irin waɗannan mashigai daga intanet. Wurinsu keɓaɓɓen layi ne, a bayan VPN, da kalmar sirrin da ba ta masana'anta ba.

Masu aikin na'urorin sadarwa sun riga 'yan Windows sanin wannan tsoro, shi ya sa kayan aikinsu ke da igiyar ja da baya. A Juniper, commit confirmed na warware canji bayan minti 10 idan ba a tabbatar ba. A Cisco ana rubuta reload in kafin a taɓa doka. MikroTik, wadda ta cika ofisoshi da kamfanonin raba intanet a Najeriya, tana da Safe Mode mai mayar da komai idan layi ya yanke. Katangar Windows ba ta da irin wannan, amma ana iya ƙera shi: a fitar da kwafin dokoki da netsh advfirewall export, a tsara aikin da zai mayar da su bayan minti 15, a yi canjin, idan komai ya tafi daidai a soke aikin.

A inda wuta ba ta zama

Tangarɗar da ke tashi bayan sake kunna na'ura ba nauyi ɗaya take da shi a ko'ina ba. A cibiyar bayanai mai wutar da ba ta ƙiftawa, sau ɗaya a wata ake gamuwa da ita, da rana tsaka, jami'i na zaune yana jira. A ofishin da ke Kano, Kaduna ko Maraɗi, inda ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati, janareta da batirin da ya tsufa, na'ura na iya mutuwa ta tashi cikin dare babu kowa. Ƙari a kan haka, ɗaukewar wuta ba ta zaɓe. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sami uwayen rajista 2, kowace ta fara tambayar 'yar'uwarta DNS, kuma kada a sake kunna su tare. Shawara ce mai kyau, amma idan dukansu suna kan soket ɗaya a ɗaki ɗaya, tare za su faɗi, tare za su tashi, kowace na kiran ɗayar babu amsa. Raba musu batiri, ko jinkirta tashin ɗaya daga saitin wutar na'ura, na rage wannan.

Haka batun layin ko-ta-kwana yake. Modem mai katin waya na wani kamfani daban dabara ce mai kyau, amma a tambaya ko da gaske daban yake. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku 4, WACS, MainOne, ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kamfanonin da ake ganin kishiyoyin juna ne suka yi rauni tare. A watan Satumban 2021 kuma an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda dalilan tsaro. Reshen banki ko asibitin da ke irin wannan wuri, ƙofarsa ta ƙarshe mutum ce: ma'aikacin da ke wurin, da makullin ɗaki, da takarda bugaggiya mai matakai a jere, da ambulan a rufe mai ɗauke da kalmar sirrin gaggawa wadda za a canza da zarar an buɗe ta. Takardar ba ta da amfani idan ba a taɓa gwada ta ba, don haka wani ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe aƙalla sau ɗaya, a ranar da babu abin da ya lalace.

Bayan faci

Fitowar KB5060842 ba ta cire aikin da aka tsara a Task Scheduler ba. Yana nan yana jira. Wanda aka rubuta da sharaɗin dubawa ba zai yi ɓarna ba, domin zai tarar da DomainAuthenticated ya fita. Wanda aka kwafo kai tsaye kuwa zai ci gaba da yanke dukkan katunan sadarwa 'yan mintoci bayan kowace tashi, daidai lokacin da uwar rajista ke musayar bayanai da takwarorinta kuma ma'aikata ke shiga. Bayan shekara, sabon jami'in da bai san tarihin ba zai yi ta farautar wata yankewar layi mai ban mamaki da ba ta wuce daƙiƙoƙi.

Tsarin cirewa shi ne a tabbatar da Get-HotFix ko lambar ginin manhaja cewa facin Yuni 2025 ko wanda ya biyo bayansa ya hau, tun da facin Windows na tattare da na baya. Sai a dakatar da aikin a kan uwar rajista ɗaya, a sake kunna ta alhali allon iDRAC ko na Hyper-V na buɗe a gefe, a duba NetworkCategory, a gwada ƙofofi da Test-NetConnection daga wani rukunin adireshi daban, ba daga teburin da ke kusa da ita ba. Idan ta tsaya daidai, a cire aikin daga Group Policy domin sauran. A wannan zama kuma a gudanar da Get-NetFirewallProfile a kan kowace uwar garke, domin a nan ne za a ga waɗanda aka kashe wa katanga a watannin rikicin aka manta ba a mayar ba.